Sharhi: Zaɓa wa 'ya mace jami'a a Yola, tsakanin fargabar iyaye da shirun makarantu

A duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta buɗe rajistar jarrabawar shiga manyan makarantu, cibiyoyin rajista da ke Jimeta sukan cika maƙil da matasa, kowa riƙe da takardunsa. Sai dai kafin yaro ko yarinya su isa gaban kwamfuta, an riga an gama babbar shawarar a gida, kuma ba iri ɗaya ake yi wa su biyun ba. Ɗa namiji akan tambaye shi fannin da yake so ya karanta, in ya ce Zariya ko Maiduguri ko Jos yake son tafiya, a yi masa addu'a. 'Ya mace kuwa tambayoyin farko su ne: ina za ta kwana, wa zai sa mata ido, su wane ne malaman? Sau da yawa maganar kan ƙare da cewa ga jami'a nan a Girei, ta je ta dawo gida kullum. A wasu gidajen ma ko hakan ba a kai wa, sai a ce ta haƙura da takardar sakandare.

Kuskure ne a ɗauki wannan fargaba a matsayin duhun kai ko ƙin boko. Iyaye suna jin labarai, kuma da yawa daga cikin labaran gaskiya ne. Abin da ya kamata a bincika shi ne ma'aunin da suke amfani da shi. Mafi yawansu suna auna makaranta ne da abubuwa biyu: kusancinta da gida, da kuma ko an taɓa jin wani abin kunya ya fito daga cikinta. Ma'auni na biyun nan yana da hatsari ƙwarai, domin makarantar da ba a jin komai daga cikinta ba lalle ne a ce babu abin da ke faruwa a cikinta ba.

Yola ba ta rasa makarantu ba. Akwai Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981 a matsayin Jami'ar Fasaha ta Tarayya, aka sa mata sunan Modibbo Adama a 2011, sannan a 2021 aka mayar da ita jami'a mai koyar da kowane fanni. Akwai Jami'ar Amurka ta Nijeriya, wato AUN, wadda tsohon Mataimakin Shugaban Ƙasa Atiku Abubakar ya kafa. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Adamawa, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, sannan ga Jami'ar Jihar Adamawa can a Mubi. Uban da ke zaune a Jambutu ko Karewa yana da zaɓi fiye da na takwaransa a garuruwa da yawa na Arewa. Abin da ba shi da shi shi ne bayanin da zai kwatanta waɗannan makarantu da shi a kan batun da ya fi damunsa.

A ƙarshen shekarar 2019, majalisar gudanarwa ta Jami'ar Modibbo Adama ta amince da korar wasu manyan malamai biyu, bayan an same su da laifin matsa wa wata ɗaliba mai neman digiri na biyu da neman lalata da kuma muzguna mata. Jami'ar da kanta ce ta sanar da hukuncin, jaridu kuma suka ɗauka. Lamarin, kamar yadda sanarwar ta nuna, ya faru ne a zangon karatu na 2016/2017.

Ana iya karanta wannan labari ta fuska biyu. Uba mai fargaba zai ce: ka ji ko, ga abin da ake gudu ya faru a ƙofar gida. Amma wanda ya san yadda jami'o'inmu ke tafiya zai ga wani abu dabam. Ɗaliba ta kai ƙara, an saurare ta, an bi diddigi, an kori malamai biyu masu matsayi, kuma ba a ɓoye ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da aka saba kashe irin wannan magana a ofis, a kira ɗalibar a ba ta haƙuri, a ce ta rufa wa mai iyali asiri. A ganina, jami'ar da ta kori malami kuma ta faɗa ta ba iyaye hujjar amincewa fiye da wadda ta shekara ashirin tana cewa ba ta taɓa samun ƙorafi ba.

Duk da haka, tazarar da ke tsakanin shekarun biyu ta cancanci a tsaya a kanta. Daga zangon 2016/2017 zuwa ƙarshen 2019 fiye da shekara biyu ne, alhali digiri na biyu kansa ana sa ran kammala shi cikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Akwai dalilan da ke sa irin wannan shari'a ta ja lokaci a jami'o'in tarayya. Dokar da ta kafa su ta tanadi cewa ba a korar malami sai an sanar da shi laifinsa a rubuce, an ba shi damar kare kansa, kwamiti ya zauna, sannan majalisar gudanarwa ta yanke hukunci, ita kuwa majalisar ba kullum take zama ba. Jami'ar da ta tsallake mataki ɗaya, kotun ma'aikata na iya mayar mata da wanda ta kora. Wannan kariya ce da adalci ke buƙata, domin ƙazafi ma yana faruwa. Amma a duk tsawon wannan lokaci, ina ɗalibar take? Wa ke duba takardun jarrabawarta? Wa ke sa hannu a kundin bincikenta?

A nan ne asalin matsalar take, kuma a nan ne tunanin iyaye da yawa bai kai ba. Idan aka ce cin zarafin mata, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne baƙo a lungu cikin duhu. A jami'a kuwa, makamin da aka fi amfani da shi maki ne. Malamin da ke koyar da darasin dole yana iya kayar da ɗaliba sau biyu ko uku. Takardar jarrabawa tana iya ɓacewa. Malami mai duba kundin bincike yana iya ajiye babi ɗaya wata shida bai karanta ba, ya ce a same shi a ofis bayan la'asar, ko a wani wuri a cikin gari. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke barin tabo a jiki, kuma kowanne ana iya ba shi fassarar da ba ta da laifi. Yarinyar da ke komawa gidan ubanta a Doubeli kafin magariba ba ta tsira daga wannan ba, domin da rana tsaka ake yin sa, a ofishin da ke da lamba a ƙofa.

Idan aka dubi shari'o'in da suka yi fice a ƙasar nan, za a ga abu ɗaya yana maimaituwa: ba ofishin karɓar ƙorafi ne ya tono su ba. A 2018, sai da muryar Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ta bazu a intanet, bayan ɗalibar ta naɗi hirarsu ta waya da kanta, sannan aka kore shi, hukumar ICPC ta gurfanar da shi, kotu a Osogbo ta ɗaure shi shekara biyu a watan Disamban shekarar. A watan Oktoban 2019, binciken ɓoye na sashen BBC Africa Eye ne ya fallasa wasu malaman Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana. A Jami'ar Kalaba, sai da ɗalibai mata na tsangayar shari'a suka fito da kwalaye a watan Agustan 2023 kafin a dakatar da shugaban tsangayar, wanda daga bisani Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke masa ɗaurin shekara biyar. A Arewa ma, Jami'ar Ahmadu Bello ta sallami ma'aikata 15 a 2019 bisa laifuffuka da suka haɗa da cin zarafin ɗalibai mata. A shekarar ce kuma wata tsohuwar ɗaliba ta tsaya ita kaɗai da kwali a Kaduna, tana nuna cewa malamin da aka sallama a Zariya bisa irin wannan zargi ya samu aiki a jami'ar jihar, abin da ya sa aka dakatar da shi. Wannan misali na ƙarshe ya nuna wata ɓaraka ta dabam: kora daga wata makaranta ba ta hana mutum ɗaukar alli a wata.

Wanda aikinsa fassara ne yakan gamu da wani ɓangare na matsalar a kan tebur. Duk lokacin da irin wannan labari ya zo, kalmar da ta fi saurin zuwa baki ita ce "lalata da ɗalibai". Amma "lalata" a kunnen Bahaushe aiki ne na mutum biyu, kuma idan an gama, macen ce ake cewa ta lalace. "Fyaɗe" kuma ya yi nauyi ga malamin da bai taɓa ta ba, makinta kawai ya riƙe. "Cin zarafi" ya fi kusa, sai dai yana da faɗi, har zagi yana shiga ciki. Harshen da bai tanadi suna tsayayye ga abu ba yana wahalar da mai son kai ƙara, domin kafin ta gama bayani an riga an fara yi mata kallon abokiyar laifi.

Binciken Lafiya da Yawan Jama'a na Nijeriya na 2018 ya gano cewa kashi 9 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa fuskantar cin zarafi ta hanyar jima'i, kuma fiye da rabin matan da aka taɓa cin zarafinsu, ta duka ko ta jima'i, ba su taɓa neman taimako ba. Ba a kan jami'o'i aka yi binciken ba, amma ya nuna yanayin da ɗaliba ke fitowa daga cikinsa. A ƙasar Hausa da Fulani akwai wani ƙarin dalili na yin shiru, kuma ya kamata iyaye su ji shi ko da ba daɗi. Yarinyar da aka sha fama kafin a bar ta ta shiga jami'a ta san cewa ranar da ta faɗa wa mahaifinta wani malami yana damunta, abu mafi sauƙi da zai yi shi ne ya cire ta. Ta san maganar za ta iya kai wa gidan wanda ke neman aurenta. Saboda haka sai ta auna: ta yi magana ta rasa karatu, ko ta yi shiru ta ci gaba da kauce-kauce. Malamin banza ya san wannan lissafi sarai, da shi ma yake aiki. Uban da ya ce wa 'yarsa tun ranar farko cewa duk abin da ya faru ta faɗa masa, kuma karatunta ba zai tsaya saboda ta faɗa ba, ya ƙwace wa irin wannan malami rabin ƙarfinsa.

Sai batun wurin kwana, wanda a nan fargabar iyaye ta fi samun madogara. Jami'o'in gwamnati a faɗin ƙasar nan ba su da gadajen da za su ishi ɗaliban da suke ɗauka, shi ya sa kusan kowace jami'a take da ƙauyen da ya zama garin ɗalibai a gefenta. A Girei, Sangere ce ke ɗaukar wannan nauyi. Ɗakunan haya na irin waɗannan unguwanni ba sa ƙarƙashin masu gadin jami'a, kuma mai gida haya yake karɓa, ba alkawarin tsaro ya ɗauka ba. Mutanen Adamawa ba su manta da daren 1 ga Oktoban 2012 ba, lokacin da 'yan bindiga suka bi gidajen da ɗalibai ke haya a unguwar Wuro Patuji ta Mubi suka kashe mutane aƙalla 25. A watan Satumban 2023, daga gidajen haya na ƙauyen Sabon Gida aka kwashi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau fiye da 20, akasarinsu mata. Ba a yi mako biyu ba aka ɗauke ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, su ma daga gidan da suke haya a cikin gari. Duk a wajen katangar makaranta aka yi.

Mai zuwa daga gida kuma hanya ce tata matsalar. Daga Jimeta zuwa harabar jami'ar sai an haye gadar kogin Binuwai an yi tafiya mai ɗan nisa a kan hanyar Mubi. Lacca takan kai yamma, jarrabawa takan ja, ɗaliba ta dawo ta nemi keke napep a cikin gari bayan duhu ya fara, a garin da 'yan Shila suka yi ƙaurin suna wajen ƙwacen waya da jaka, wani lokaci ma a cikin keken suke aikinsu. Don haka zaman gida yana rage wani hatsarin, yana ƙara wani. AUN ta warware wannan ɓangare da tsarin kwana a cikin harabar da ke da katanga da masu gadi, kuma a can ne Gwamnatin Tarayya ta kai 'yan matan Chibok fiye da 100 a 2017 don su ci gaba da karatu. Amma kuɗin makarantar ya fi ƙarfin malamin firamare ko ɗan kasuwar Jimeta mai rumfa ɗaya. Kuma katanga, a kowace makaranta take, wanda ke waje take tarewa.

Ta fuskar doka, an samu ci gaba. Dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe, ta kuma sa tsoratarwa da bibiya da tilastawa cikin laifuffuka. Da farko a Abuja kawai take aiki, sai jihohi suka riƙa ɗaukarta ɗaya bayan ɗaya, musamman bayan da gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe a watan Yunin 2020, sakamakon kisan wata ɗalibar Jami'ar Benin da aka yi wa fyaɗe a inda ta je karatu. Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya sa hannu a kan ta Adamawa a 2021. Akwai kuma cibiyar Hope a Asibitin Ƙwararru na Yola, wadda aka keɓe don duba waɗanda aka yi wa fyaɗe da ba su shawara. Ya dace kowace ɗaliba ta san da ita, ta kuma san cewa maganin kariya daga ƙwayar cutar HIV yana aiki ne idan an fara shan sa cikin awa 72. Kwanaki ukun da iyali kan ɓata suna shawarar ko a faɗa ko a rufe, su ne kwanakin da likita ke buƙata.

Ƙudirin da aka tsara musamman don manyan makarantu, wanda Sanata Ovie Omo-Agege ya fara gabatarwa a 2016, ya shafe shekaru yana kai-kawo a Majalisar Tarayya. Majalisar Dattawa ta amince da shi a 2016, ta sake amincewa a watan Yulin 2020. Ya tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara 14, amma abin da ya fi muhimmanci a cikinsa shi ne cewa malami ba zai kare kansa da cewa ɗalibar ta yarda ba, tunda makomarta tana hannunsa. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta soki ƙudirin, tana cewa an ware malamai kamar su kaɗai ke aikata laifin. Akwai gaskiya a ciki, don ana yi a banki, ana yi a ma'aikatu, ɗalibai maza ma suna yi wa 'yan uwansu mata. Sai dai ma'aikaciyar banki tana iya sauya wurin aiki ta tafi da ƙwarewarta. Ɗalibar da ke aji huɗu ba ta da inda za ta kai shekarunta huɗu.

Abin da dokokin nan duka ba su ba uban da ke Jimeta ba shi ne alƙaluma. A Amurka, bayan da aka yi wa wata ɗaliba fyaɗe aka kashe ta a ɗakin kwananta na Jami'ar Lehigh a 1986, iyayenta suka gano cewa an sha aikata manyan laifuffuka a harabar ba tare da an sanar da kowa ba. Fafutukarsu ce ta haifar da dokar Clery ta 1990, wadda ta wajabta wa duk jami'ar da ke cin gajiyar tallafin gwamnatin tarayya ta wallafa adadin laifuffukan da aka kai rahotonsu a harabarta kowace shekara. Dokar ba ta kawo ƙarshen matsalar a can ba, kuma an kama jami'o'in da suka rage adadi aka ci su tara. Amma uwa tana iya buɗe rahoton makarantu biyu ta kwatanta kafin ta biya kuɗi. A nan, hukumar NUC tana tantance kwasa-kwasai, tana ƙirga littattafan laburare da malamai masu digiri na uku, JAMB kuma tana sanar da makin shiga. Mai neman ya san ƙorafi nawa aka kai a wata jami'a bara, nawa aka kammala bincikensu, kuma cikin wata nawa, sai dai ya dogara da jita-jitar majalisa da abin da ya gani a Facebook.

Kafin a samu hakan, iyaye na iya yin abin da kaɗan ne ke yi: su taka zuwa makarantar da ƙafarsu. A ofishin kula da harkokin ɗalibai, uba yana da damar ya nemi a nuna masa rubutacciyar manufar makarantar kan cin zarafi. Hukumar ICPC ta riga ta tsara samfurin irin wannan manufa don manyan makarantu, saboda haka babu wadda za ta ce ba ta san yadda ake rubutawa ba. Ya tambayi wa ake kai wa ƙara, kuma ko akwai hanyar da ba ta bi ta sashen da malamin yake ba, domin aika ɗaliba wurin shugaban sashe tamkar aika ta wurin abokin shan shayin wanda take ƙara ne. Ya tambayi ko ana sauya mata mai duba takardunta da zarar ta shigar da ƙorafi, ko kuwa sai an gama bincike. Ya tambayi ko 'yan aji ɗaya mata suna da tabbacin gado a cikin makaranta. Yadda jami'in ya karɓi tambayoyin ma amsa ce: wanda ya jawo takarda daga aljihun tebur dabam yake da wanda ya ce, "Alhaji, mu nan ba a yin irin wannan."

Wallafa alƙaluman kuwa ba ya buƙatar jiran Abuja. Majalisar Dokokin Jihar Adamawa tana da ikon wajabta shi a kan jami'ar jihar da ke Mubi da kwalejojin da jihar ke ɗaukar nauyinsu. Majalisar gudanarwa ta Jami'ar Modibbo Adama, wadda ta riga ta nuna a 2019 cewa tana iya sanar da hukuncinta a fili, tana iya zartar da shi a zama ɗaya: shafi guda a kowace shekara, ba suna, ba sashe, adadin ƙorafe-ƙorafen da aka karɓa, matakin da aka ɗauka, da tsawon lokacin da kowanne ya ci. Shekarar farko adadin zai iya ba mutane tsoro, kuma wataƙila ya ƙaru a ta biyu, idan ɗalibai suka ga cewa kai ƙara yana da amfani.